Ƙotar Shekara Tara

Godiya ta tabbata ga Wanda ya tsirar da itace daga ƙasa, ya ɓoye ƙarfe a cikin dutse, ya bar wa ɗan Adam wahalar haɗa su. Bayan haka, ku da kuka cika mini rumfa kuna jiran gyaran fartanya da gatari, tun da kun ishe ni da tambayar abin da ya sa ba na yi wa mutum ƙota sai na ga hannunsa da idona, to ku gyara zama. Ni ne Cindo ɗan Shekarau, masassaƙin Ƙwarin Aduwa, garin da ke bayan tafkuna bakwai. Abin da zan faɗa muku ƙafata ce ta taka shi, ba a bakin wani na ji ba.

Tun ina ƙarami ba ni da zama. Kafin a gama aikena na kai ƙofa, kafin tuwo ya huce na ƙona baki. Yayana Arzika, mai saran itace, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya saya mini gizago, kuma shi kaɗai ke iya cewa in zauna in zauna.

Wata ranar Laraba ƙotar gatarinsa ta tsage, ya kawo mini ƙarfen ya ce in yi masa sabuwa. Busasshen marken da nake ajiyewa a saman rumfa ya ƙare, ga shi ana kiɗan kokawa a garin gaba, ƙafata har rawa take. Sai na zaga bayan gari na saro ɗanyen reshe, na sassaƙe shi sama-sama, na babbaka shi a wuta don ya yi kamar ya shekara a hayaƙi. Na huda kan da wuta, na cusa wutsiyar ƙarfen, ya kama gam. Yaya Arzika ya jijjiga ya ce, "Madalla, Cindo." Wallahi har yau wannan madallar tana yi mini ciwo.

Kun san halin ɗanyen itace. Bayan mako uku ya bushe ya tsuke, ramin ya yi faɗi. Yaya Arzika na cikin saran ƙirya, ƙarfen ya fice, ya bugi gindin bishiyar, ya dawo ya sauka a damtsensa na dama. A kan ƙyaure aka kawo shi gida.

To, a Ƙwarin Aduwa akwai al'ada. Masassaƙin da ƙotarsa ta zubar da jinin mai ita, ana rataye gizagonsa a zauren wanda ya ji ciwon. Ba zai sake taɓa shi ba sai ranar da mutumin ya karɓi sabuwar ƙota daga hannunsa, ya yi sara uku da ita a gaban jama'a. In ya ƙi karɓa, shi ke nan, masassaƙi ya nemi wata sana'a. Ina tsaye dattawa suka rataye nawa a zauren yayana.

Kwana biyu ina kaiwa da komowa a tsakar gida, ina jin nishinsa daga ɗaki, na kasa leƙawa. Kunya ce, ba wani abu ba. A rana ta uku na ɗauki ƙarfen gatarin, na ɗauki igiyar awonsa, domin kowane mai sara muna ajiye masa igiya mai tsawon hannunsa daga hammata zuwa kan yatsa. Na saɓa jaka. Matarsa Ladidi ta tare ni a bakin zaure.

"Cindo, ina kuma za ka? Tun safe yake kiran sunanka."

Na ce, "Ki faɗa masa ba zan dawo ba sai da ƙotar da ba ta karyewa, ba ta kuma sakin ƙarfe har abada."

Ta ce, "Mai tayar da shi zaune yake nema yanzu, kai kana zancen ƙota?"

Na ɗauka maganar mata ce kawai, na ba ta baya na kama hanya.

Na yi wata huɗu ina tafiya. Na ratsa filin gishiri mai kuka in an taka shi, na haye kogin da ruwansa ke hawa tudu maimakon gangarowa, har na isa Birnin Ƙarau. An ce mini a can ake ƙotar da tun kafuwar garin ba ta taɓa karyewa ba, kuma ba ƙarya aka yi ba. Suna da wata bishiya baƙa ƙirin, in ka buge ta sai ta yi ƙara kamar ƙararrawa, ba a sassaƙa ta sai da dutsen washi. Na riƙa ƙotarsu ɗaya, zuciyata ta ce ai tafiya ta ƙare.

Sai na lura da mutanen. Kowa hannunsa na karkarwa, babba da yaro. Mai kunu na zubawa, rabi a ƙoƙo rabi a ƙasa. Tela ya yini bai zura zare a allura ba. Ashe ƙotar tasu ba ta lanƙwasa ko kaɗan, ba ta shanye komai, duk bugun da aka kai wa itace sai ya dawo ya shige ƙashin mai saran. Itace bai karye ba, mutane sun lalace.

Tsautsayi ya sa na zauna a kasuwa na sha fura ban zubar da ko ɗigo ba. Kafin in ajiye ludayi an kewaye ni, kafin azahar ina gaban sarkin garin.

Sarki ya ce, "Baƙo, shekara ashirin rabona da cin abinci rigata ba ta ɓaci ba. Daga yau kai ne mai ba ni a baki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni matafiyi ne."

Ya ce, "A da kenan."

Wata uku ina ɗura wa ƙaton mutum fura, dogari na biye da ni har bayan gida. Kai, na kusa haukacewa! Ina kallon ƙofar gari kamar in yi tsuntsu. Da na ga ba mafita, sai na roƙi alfarma a bar ni in riƙa faskare wa gidan sarki itace da hantsi don in motsa jiki. Na kama gatarinsu na dinga jibga, kwana tara cur, har sai da hannuna suka kama rawa kamar na kowa. A rana ta goma na ɗauko ƙwaryar fura, na nufi bakin sarki, na juye masa ita kaf a gemu. Ya tashi yana zagi, ya ce a fitar masa da wannan maras amfani. Ban taɓa jin daɗin kora irin na ranar ba. Amma sai da na yi wata shida kafin in iya ɗaure tazugen wandona ba da wahala ba.

Daga nan na bi masu jirgin ruwa zuwa Tsibirin Sulɓi, inda aka ce ƙotarsu ko a fadar aljanu sai a kalle ta. Tun daga bakin gaɓa na ga abin mamaki: kowa yana yawo da akushi kife a ka, an ɗaure shi da igiya a haɓa. Na tambayi wani dattijo dalili, kafin ya buɗe baki sai ga gatari ya taho ta sama, fiuu, ya dira a tsakaninmu. Dattijon ko gezau, ya ce, "Na maƙwabcina ne, yana gyaran shinge."

Su da haƙorin wani babban kifi suke ƙota, fari sol, su goge shi da yashi mai laushi, su shafe shi da mai safe da yamma har kana ganin fuskarka a ciki. Kyau kam ba a magana. Amma da tafin hannu ya yi gumi, sai gatari ya kama gabansa. Ni kuwa bakina ba ya ajiye magana. A tsakiyar kasuwa na ce, "Wannan ai ba ƙota ba ce, madubi ne aka maƙala wa ƙarfe."

Ashe a tsibirin kushe ƙota ya fi zagin uwa. Aka yanke mini hukunci: washegari zan tsaya a tsakiyar filin sara, kaina ba akushi, masu sara arba'in su kewaye ni suna aiki daga hantsi zuwa azahar. Wanda suka yi wa haka kafin ni, sun nuna mini kabarinsa.

Aka tsare ni a wani shinge. Allah da ikonsa, a cikin shingen akwai bagaruwa, ƙaro na tsatsowa a jikinta. Na ɓamɓaro mai yawa, na jiƙa shi a ruwan shan da aka ba ni har ya yi kauri, na ɓoye a cikin jaka. Da safe da aka fito da ni na ce, "Jama'a, a garinmu wanda zai mutu sai ya yi musafaha da kowa, a yafe wa juna." Suka ce wannan ba laifi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina tsoma hannu a jaka kamar mai share gumi, ina kama hannun kowa da hannu biyu ina girgizawa da kyau. Aka fara sara. Ina tsaye idona a rufe har rana ta take tsaka. Ko gatari ɗaya bai tashi ba. Suka tsaya suna duba tafin hannunsu, wani har ya cire akushinsa ya sosa ƙeya, abin da ya ce ya shekara bai yi a waje ba. Kafin su gama mamaki su tuna da ni, na faɗa jirgin masu gishiri. Abin da na tsira da shi daga can shi ne, ƙota ba ta son santsi, gara a kankare ta da fasasshen kasko a bar ta ta sha gumin mai ita.

Shekara biyu kenan da barin gida, ba ni da komai sai ƙarfe da igiya. Wani mai jirgi ya ce mini, "In da gaske kake, hau Dutsen Iska ka nemi Iya Hakama. Ita ba ta sassaƙa ƙota, shuka ta take."

Dutsen Iska ba a tsayawa a miƙe a kansa. Iska ce ke kaɗawa daga gabas ba dare ba rana, har awakin wurin a karkace suke tafiya. A can sama na tarar da wata tsohuwa ƙarama, ta ɗaure kanta da igiya a jikin turke don kada iska ta tafi da ita, tana kewaya wata gonar marke. Kowace bishiya da ƙarfe a maƙale a wuyanta, wannan gatari, wancan fartanya, itacen ya tsiro ya haɗiye wutsiyar ƙarfen kamar da shi aka halicce shi.

Na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata komai. Ta ce, "Marken da iska ta yi ta tanƙwarawa tun yana ƙarami, shi ke lanƙwasa ya dawo, ya shanye bugu bai kai wa hannu ba. Zan tsaga wuyan wani ƙaramin marke, mu sa ƙarfenka, mu ɗaure. Damina biyar, sa'an nan a sare da rani, ya shekara guda a inuwa yana shan hayaƙi. Za ka iya, ɗan nan? Na ga ƙafarka ko yanzu ba ta tsaya wuri ɗaya ba."

Na ce zan iya. Ta ce, "Ina mai gatarin?"

Na zaro igiyar awo na miƙa mata. Ta juya ta, ta dube ni. "Igiya ka kawo mini. Yaushe rabonka da ganin hannun?"

Na ce, "Iya, hannun yayana ne, na san shi kamar nawa."

Ta ce, "To," ba ta ƙara ba.

Jira! Ku da kuke ƙorafi in na ce ku dawo jibi, ba ku san jira ba. Kullum sai na je na tsaya a kan bishiyar nan kamar kallona zai sa ta girma. Na gyara wa Iya Hakama shinge sau uku ba tare da ya lalace ba. Na ƙirga awakinta har suka san ni. Bayan damina ɗaya na kasa haƙuri, na faki idonta na kama ƙarfen na ɗan jijjiga, wai in ji ko ya fara kamawa. Sai na ji ɓaras. Sabon naman da itacen ya fara yi ya tsage, ƙarfen ya faɗo a hannuna.

Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro. Tsohuwar ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Wancan ka babbaka shi, wannan ka jijjiga shi. Tashi mu nemi wani marken, lissafi ya koma farko." Daga ranar ta ɗaure ni a turkenta da igiyar da ba ta kai gonar ba, kuma ban yi gardama ba.

Damina biyar suka wuce, aka sare, ta shekara a hayaƙi. Da wuƙar Iya Hakama da fasasshen kasko na gyara ta, tun da gizago ya haramta gare ni. Na yanke ta daidai igiyar Yaya Arzika, doguwa ta hannu biyu, na bar mata ɗan lanƙwasa irin na mai saran dama. Jama'a, ban taɓa riƙe abu irinta ba. Na sari dutse da ita, hannuna bai ji komai ba, ƙarfen ko motsi. Na yi wa tsohuwa godiya na gangaro a guje, ina jin ta daga sama tana cewa in bi a hankali.

Da la'asar na shigo Ƙwarin Aduwa, shekara tara cif. Kafin in kai ƙofar gidanmu yara sun kai labari, jama'a sun taru. Ta ƙofar zaure na hango gizagona a rataye, yanar gizo ta rufe shi. Ladidi ta fito, furfura ta fara mata, ta dube ni. Sai ga Yaya Arzika a bayanta.

Hannun rigarsa na dama a naɗe yake, an soke shi da tsinke a kafaɗa. Babu komai a ciki.

Ashe ciwon ya ruɓe bayan tafiyata da kwana goma, wanzamai suka yanke hannun don a ceci ransa. Ni kuwa ina can ina yawo da awon hannun da aka binne tun shekara tara.

Ya ce, "Cindo, ka dawo? Ka rame."

Na durƙusa na ajiye gatarin a gabansa. Ya ɗauka da hagu, ya juya shi, ya shafa wuyan da babban yatsa. "Kai, wannan aiki ne," in ji shi. "Ban taɓa ganin irinta ba." Sai ya nuna mini wani ɗan guntun gatari a jingine da bango, ƙotarsa karkatacciya, an ɗaure da tsumma. "Da wancan nake ci da gidan nan. Ladidi ke sassaƙa mini da wuƙar girki, duk wata biyu sai ta karye. Ni ban taɓa neman wadda ba ta karyewa ba, ƙanena. Wanda zai sake mini wata in ta karye, shi na rasa."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Dattawa suka ce al'ada dai sai an cika ta. Aka gangaro da gungumen ƙirya. Yaya Arzika ya ɗaga gatarin da hannu ɗaya, tsawon ya rinjaye shi, lanƙwasar ta karkatar da bakin, ya sauka a gefe da ƙyar ya ɓantari ɓawo. Aka ce ɗaya. Ya sake ɗagawa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya sauke. Aka ce biyu. A na uku hannun ya ƙi. Ya ɗaga zuwa gwiwa ya dire, ya sake, ya dire, gumi na zuba. Na san shi ke nan, ni da gizago sai kallo, kuma na san ni na jawo.

Sai ya juyo ya harare ni kamar yadda yake yi ina yaro.

"Tsayuwar me kake yi? Ƙotar hannu biyu ka kawo, ni kuwa ɗaya gare ni. Zo ka kama mini gindin."

Na matsa na tsaya a damansa, kafaɗata a jikin naɗaɗɗen hannun rigar. Na kama gindin ƙotar, ya kama wuya. Ya ce, "Kada ka yi gaggawa, sai na ce." Na jira. Wallahi na jira. Da ya ce "Yanzu," muka sauke tare, gungumen ya rabe biyu.

Wani dattijo ya fara cewa ai ba haka aka saba ba. Ladidi ba ta bari ya ƙarasa ba, ta shige zaure ta sauko da gizagon, ta kakkaɓe shi da gefen zanenta ta dangwara mini a hannu. "Ungo," ta ce. "Na gaji da yanke yatsuna."

Aikin farko da na yi da shi, na sa Yaya Arzika ya miƙo hannun hagu, na auna shi da sabuwar igiya, na datse ƙotar shekara tara gida biyu. Ragowar guntun ga shi can a saman rumfa, wanda ke so ya tashi ya duba.

Har gobe in na ji masu jirgi na labarin wata ƙasa, tafin ƙafata kan yi ƙaiƙayi, ba zan ɓoye muku ba. Amma kowace Laraba da hantsi ina zauren yayana ina duba masa gatari, ko da abin gyara ko babu. Iyakar abin da na gani kenan, Allah Ya yafe mana abin da muka yi cikin gaggawa. Kai mai fartanya, da ka ce ta babanka ce ya aiko ka, mayar da ita. Ka ce masa ya zo da kansa.